Sharhi Kan Shirin Abincin Rana na Wata Makarantar Firamare a Kano

Tun farkon shekarar karatun da ta gabata makarantar firamare mai zaman kanta da 'ya'yana biyu suke zuwa a cikin birnin Kano ta fara ciyar da ɗalibanta da kanta. Makarantar ta haɗa boko da Islamiyya, saboda haka yara suna shiga da sassafe ba sa fitowa sai bayan la'asar, kuma abin da suka ci a tsakanin nan shi ne rabin abincinsu na yini. Hukumar makarantar ta ba wata Hajiya mai sana'ar girki kwangila, ta gina mata ɗakin girki a bayan ajujuwa, iyaye kuma suna biyan kuɗin abincin tare da kuɗin makaranta a kowane zango. A lokaci guda aka soke kuɗin tara, aka hana shigowa da lemon kwalba da alawa da biskit. Takardar da aka aiko mana ta bayyana dalili a fili, cewa malamai sun lura ƙiba tana ƙaruwa a tsakanin yaran, wasu ma ba sa iya zagaya filin makaranta sau ɗaya ba tare da haki ba. Na bi shirin shekara guda a matsayin uwa mai biyan kuɗi, kuma hukuncina shi ne ya cancanci abin da ake biya, sai dai akwai abu ɗaya a cikinsa da ya kamata a daina nan take, da kuma wani da har yanzu ba a gama warware shi ba.

A taron iyaye da malamai da aka gabatar da shirin, wani dattijo ya miƙe ya ce shi bai ga dalilin da za a riƙa maganar ƙiba a ƙasar da yara ke kwana da yunwa ba. Maganarsa tana da tushe, domin binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kai kashi 57, alhali masu nauyi fiye da kima a wannan rukunin ba su wuce kashi 2 ba. Amma binciken nan dai shi ne ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan ƙasar masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce yadda ya dace, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a faɗin duniya yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 masu nauyin da ya wuce kima sun tashi daga kashi 8 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 20 a 2022, wato fiye da miliyan 390. Duk wanda ya tsaya a ƙofar makarantar kuɗi a Kano lokacin tashi ya san cewa wannan guguwar ta iso mu, ta fara ne kawai daga gidajen da ake da abin saye. Abin da na fahimta kuma shi ne rama da ƙibar suna iya fitowa daga tukunya ɗaya, domin yaron da ya yini kan taliya 'yar fakiti da lemon kwalba cikinsa ya cika, jikinsa ya yi ɓul-ɓul, amma bai sami abin da ke gina jini da ƙashi ba.

Abincin shi ne ginshiƙin shirin, kuma a nan ne Hajiyar ta fi burge ni. Ban ga wani baƙon abu a jadawalinta ba, duk abincin da muka tashi muka tarar a gidajenmu ne, illa dai ta sake masa ma'auni. Ranar shinkafa da wake, waken ya kusa kai yawan shinkafar, man kuma da ludayi ɗan ƙarami ake zuba shi, a gefe ga yankakken kabeji da karas da tumatir. Akwai ranar dambun masara wanda zogalen cikinsa ya yi yawa har dambun ya koma kore, da ranar faten wake da alayyafo, da ranar ɗanwake da dafaffen ƙwai, da ranar tuwon masara miyar taushe ko miyar kuka da busasshen kifi. Da safe lokacin tara ana ba su kunun gyaɗa ko koko da alale ko ƙosai, kuma abin da 'ya'yan itace ke yayi a kasuwar 'Yan Lemo shi ake yanka musu, kankana ko gwaiba ko lemon zaƙi ko mangwaro. Bin yayin nan hikima ce ta mai sanin kasuwa, domin shi ya sa kuɗin bai fi ƙarfin iyaye ba.

An ba iyaye damar leƙa ɗakin girkin, kuma na je ana tsakar rabon abincin rana. Masu girkin suna sanye da hula da rigar aiki, ƙasa a share, tukwane a rufe, ga randar ruwa da sabulu a bakin ƙofa inda yaran ke jeruwa su wanke hannu kafin su karɓi faranti. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake zuba abincin. Mai rabon tana da ludayi biyu, babba na manyan aji da ƙarami na ƙananan, kuma ganye take fara zubawa kafin shinkafar. Wani yaro ya dawo da farantinsa a share yana neman ƙari, sai ta dube shi da fara'a ta ce, "Ɗan albarka, je ka sha ruwa ka ɗan zauna, in har yanzu kana jin yunwa ka dawo in ƙara maka wake da ganye." Ya je ya sha ruwan, abokansa suka ja shi wasa, bai sake dawowa ba. Na tambayi Hajiyar ko ba ta tsoron a ce tana yi wa yara rowa, ta ce mini, "Hajiya, ba ma hana yaro ƙari, amma mun lura rabin masu neman ƙarin ƙishirwa ce ke damunsu ko saurin ci, sai mu ba cikin lokaci ya faɗa musu gaskiya."

Ɗanɗanon abincin mai kyau ne, ba a cika masa gishiri da dunƙulen ɗanɗano ba, daddawa da albasa da citta ne ke ɗauke da shi. Makonnin farko ƙaramin ɗana yana dawowa da ƙorafin cewa miyar makaranta ba ta da daɗi, kuma iyaye da yawa sun sha irin wannan ƙorafin, domin harshen da ya saba da yajin taliya 'yar fakiti komai zai ji shi salam. Kafin zangon farko ya ƙare ƙorafin ya mutu da kansa, har ya fara neman a yi masa dambun zogale a gida. Inda na ga gazawa a girkin shi ne ranar tuwo, wanda sau da yawa yake iso wa ajujuwan ƙarshe a sanyaye, yara su tsakura su bar shi, sannan ƙosan safe yakan sha mai fiye da kima idan aka soya shi da gaggawa a man da bai yi zafi ba. Waɗannan ƙananan abubuwa ne da kula mai kyau da ɗan ƙarin lokaci za su magance.

Idan aka ce in zaɓi abu guda da ya fi kowane tasiri a shirin, zan zaɓi batun abin sha. Lemon kwalba irin wanda aka saba yana ɗauke da sukari kimanin giram 10 a cikin kowane mililita 100, ke nan robar rabin lita tana da wajen giram 50, kusan cokalin shayi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, in da hali ma ya gaza kashi 5. Yaron da jikinsa ke buƙatar kalori 1,600 a rana (kalori shi ne ma'aunin wannan ƙarfi), kashi 10 ɗinsa giram 40 ne na sukari kacal, wato roba ɗaya da ya shanye lokacin tara ta riga ta ƙetare iyakar yinin gaba ɗaya, tun kafin a lissafa shayin safe da alawar hanya. Sukarin da aka sha a ruwa kuma ba ya ƙosar da ciki, yaro zai shanye shi ya zauna ya ci abincinsa cif kamar bai sha komai ba. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 kan kowace litar irin wannan lemo a Dokar Kuɗi ta 2021, amma naira 5 a kan roba ɗaya ba za ta sa wani uba ya fasa saye ba a farashin yau, don haka aikin ya koma kan gida da makaranta.

Makarantar ta ajiye tulunan ruwan sanyi masu famfo a bakin kowane aji, kowane yaro kuma da gorarsa. Ranar Alhamis ana ba su zoɓo, kuma na ɗanɗana shi, tsaminsa yana nan, an sa masa citta da ɓawon abarba da sukari ɗan kaɗan. Na ji daɗin cewa Hajiyar ba ta yaudari kanta da sunan abin gida ba, domin zoɓon da ake ƙullawa a leda a sayar a bakin titi yakan kai lemon kwalba zaƙi, haka ma kunun aya da wasu nau'o'in yogot da iyaye ke saya da zaton lafiya suke saya. A zafin watan Afrilu, lokacin da wutar lantarki ta yi wahala, ruwan tulunan ya riƙa ɗumi kafin azahar, sai makarantar ta kawo randunan ƙasa ta jera a inuwar darbejiya, kuma sun biya buƙata fiye da yadda aka zata.

Ɓangaren motsa jiki bai kai na abinci ƙarfi ba, amma an yi ƙoƙari. An tsawaita lokacin tara, an hana malamai cinye shi da ƙarin darasi, kuma kowace safiya yara suna zagaya fili na kwata na awa, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya yi tafiya. Wannan tsarin ya yi kama da wanda wata makarantar firamare a garin Stirling na ƙasar Birtaniya ta fara a 2012, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da yawa saboda ba ya buƙatar kaya ko kuɗi. Malamin wasanni ya dawo da langa, 'yan mata kuma suna 'yar gala-gala da tsallen igiya. Sai dai filin ƙarami ne, maza masu ƙwallo sun mamaye tsakiyarsa, kuma 'yan matan manyan aji sun fi zama a gindin bishiya suna hira, saboda kunya da kuma rashin malama mace da za ta jagorance su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kowace rana, kuma yaron da ake ɗauka a mota ko adaidaita sahu daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta, ya dawo ya zauna gaban talabijin ko waya, in bai samu a makaranta ba da wuya ya samu a wani wuri. Ware wa 'yan mata nasu lokacin a fili, da malama tasu, abu ne da ba zai ci wa makarantar komai ba.

Yanzu sai abin da ya ɓata mini rai. A farkon kowane zango ana auna nauyi da tsayin yara, kuma aunawar kanta daidai ce, domin ba a gane ƙibar yaro da ido, sai an gwada nauyinsa da tsayinsa da shekarunsa a kan ma'aunin girma da masana suka tanada. Matsalar ita ce yadda ake yin ta. Ana ajiye sikelin a gaban aji, yara su hau ɗaya bayan ɗaya, malami ya faɗi adadin da ƙarfi don mai rubutu ya ji. 'Yata ta ba ni labarin wata ƙawarta da ta hau, aji ya ɗauki dariya, wani ya kira ta lukuta, sunan kuma ya bi ta har ƙarshen zango. Daga ranar yarinyar ta daina karɓar abincin rana, tana zama da yunwa tun safe har la'asar, ta koma gida ta ci fiye da abin da ta saba. Mahaifiyarta ba ta sani ba sai da abin ya yi nisa. Shirin da aka kafa don kare lafiyar yarinya ya zama shi ne ya raba ta da abinci mai kyau ya kuma sa mata ƙyamar jikinta, tana da shekara goma a duniya. Yaro ba shi ke cefane ba, ba shi ke girki ba, ba shi ya zaɓi a kai shi makaranta a mota ba, saboda haka ɗora masa kunyar nauyinsa zalunci ne. Ya kamata a yi awon a ofis, yaro ɗaya a lokaci ɗaya, mata a hannun mace, a rufe sakamakon a ambulan a ba iyaye tare da shawarar ganin likita ga wanda yake buƙata. Na faɗa wa shugaban makarantar haka, ya saurare ni da mutunci ya ce za a duba, amma a zangon da ya biyo baya sikelin yana nan a gaban aji.

Abu na biyu da ba a gama da shi ba shi ne bakin ƙofa. Shekara da shekaru akwai mata masu tallar fanke da cincin da tuwon madara da gullisuwa da ƙanƙara mai launi a gindin katangar makarantar, kuma soke kuɗin tara ya taɓa abincinsu kai tsaye. Wasu iyaye sun nemi a kore su. Na ji daɗin cewa makarantar ba ta bi wannan shawarar ba, domin yawancinsu zawarawa ne da masu marayu, kuma da wannan tiren suke riƙe gidajensu. Abin da aka yi shi ne an zauna da su tare da mai unguwa, aka ɗauki biyu daga cikinsu aiki a ɗakin girki, wasu kuma aka ba su odar gyaɗa da aya da dafaffen ƙwai da yankakkiyar kankana. Wannan shi ne mafi kyawun abin da na gani na haɗa unguwa da makaranta a kan lafiyar yara, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk da haka lokacin tashi mai keken askirim yana tsaye, shagon tsallaken titi firij ɗinsa cike yake da lemo, kuma iyayen da suka sa hannu a takardar hana alawa su ne ke tsayar da mota su saya wa yaro abin da ya nuna. A ƙasar Chile dokar da ta fara aiki a 2016 ta tilasta buga baƙin tambarin gargaɗi a jikin abincin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa, ta kuma hana sayar da shi a makarantu. Mu ba mu da irin wannan doka, kuma ikon shugaban makaranta a bakin ƙofarsa yake ƙarewa.

Haka nan a cikin gida akwai aiki. Surukata, Allah ya ƙara mata lafiya, da ta ga kumatun jikanta sun ɗan faɗa sai ta ce mini, "'Yar nan, me ake yi wa yaron nan a makarantar nan ya zube haka?" Na ce, "Inna, ba zubewa ya yi ba, tsayi ya ƙara, kuma yanzu yana hawa bene ba ya haki." Ba ta gamsu ba sai da na tuna mata ciwon suga da hawan jinin da ke cin 'yan uwanmu tun suna da ƙuruciya, da kuma hadisin da ya raba ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Ba na ganin laifinta, domin ta rayu a zamanin da yaro mai jiki shi ne ke tsallake ƙyanda da gudawa. Makarantar tana shirya wa iyaye zaman wayar da kai sau ɗaya a zango, inda wata ma'aikaciyar jinya ke bayani, kuma zaman yana da amfani, amma da Turanci ake yin rabinsa, kuma iyaye mata 'yan boko ne kaɗai ke zuwa. Da za a yi shi da Hausa zalla a gayyaci kakanni da masu aikin gida, waɗanda su ne ke ba yara abinci a gidaje da yawa, da ya fi isa inda ake so.

Game da kuɗi, abin da ake biya ya ɗan fi jimillar kuɗin tara da na kayan maƙulashen da muke kashewa a da, kuma an ƙara shi sau ɗaya a tsakiyar shekara saboda tsadar kayan abinci, ƙarin da duk mai zuwa kasuwa zai fahimta. Wanda yake da yara huɗu ko biyar a makarantar zai ji nauyinsa, musamman da yake ana karɓar na zango gaba ɗaya a lokaci guda, ba a kuma rage wa mai yara da yawa. Ba na manta cewa wannan gata ne na masu iya biya. Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2016 ya shafi 'yan aji ɗaya zuwa uku ne na makarantun gwamnati, a kan naira 70 ga kowane yaro da farko, kuma manufarsa yaƙi da yunwa da jawo yara makaranta. Amma jadawalin da Hajiyar nan ke bi, na wake da zogale da masara da gyaɗa, ba abincin attajirai ba ne, kowace makaranta da ke da tukunya za ta iya kwaikwayonsa.

Iyayen da makarantarsu ke shirin fara irin wannan tsari, ina ba su shawara su amince, amma kafin su biya su nemi a nuna musu jadawalin abincin a rubuce, a ba su izinin shiga ɗakin girki ba tare da sanarwa ba, su tabbatar akwai ruwan sha mai tsabta a kusa da kowane aji, su kuma tambayi yadda ake yi da yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko ƙwai, domin a makarantarmu sai da wata uwa ta tayar da maganar kafin aka buɗe rajistar irin waɗannan yara. Na biya kuɗin zango mai zuwa, kuma ni da wasu iyaye mata mun rubuta takarda mun sa hannu a kan batun sikelin nan, za mu miƙa ta a taron iyaye da malamai kafin a sake yin awo.